Shekarar haihuwa uku, mutum ɗaya: amsar Malam a rubuce

Ga muryar da Malam ya turo jiya da daddare, na rubuto ta saboda waɗanda suka ce ta ƙi buɗewa a wayarsu. Yadda ya faɗa haka na rubuta.

Assalamu alaikum 'yan guruf, barkanmu da warhaka. Toh ƙanwata na ga tambayarki tun da rana, ban samu sukuni ba ne sai yanzu, kuma maganar ta fi ƙarfin dannawa da yatsa shi ya sa na ce bari kawai in yi murya. In na fahimce ki daidai, kina rubuta maƙala ne a Wikipedia a kan wani tsohon ɗan majalisa, sai kika ci karo da shekarar haihuwarsa kala uku, ɗaya daga ciki ta fito a shafuka kusan goma, sannan wani yaronsa ya turo miki CV ya ce ki yi amfani da shi kawai tunda daga hannun oga ya fito. Shi ne kike tambaya wacce za ki ɗauka, mai rinjaye ko ta CV.

Toh a yanzu dai kam kada ki ɗauki ko ɗaya. Bari in fara da shafuka goman nan, don nan ne yawancinmu muke faɗawa rami. Ba zaɓe ake yi ba balle a ƙirga ƙuri'a. In mutum ɗaya ya faɗi magana, mutum tara suka ji a bakinsa suka maimaita, shaida nawa gare ki? Ɗaya ne fa. Kuma wani lokacin ɗayan nan ma mu ne, wato Wikipedia ɗin kanta, mu muka fara rubuta kuskuren, 'yan jarida suka kwafa, mu kuma muka dawo muna kafa hujja da su.

Akwai labarin da nake yawan ba sababbin editoci. A watan Fabrairun 2009 aka naɗa wani ɗan siyasa a Jamus ministan tattalin arziki, Karl-Theodor zu Guttenberg, mutumin kuwa sunayensa na yanka doguwar jera ce, sun kai goma. Sai wani mai neman tsokana ya shiga Wikipedia ta Jamusanci ya cusa masa ƙarin suna guda ɗaya a tsakiya, Wilhelm. Washegari manyan jaridun ƙasar suna son burge masu karatu da tsawon sunan sabon minista, suka kwaso daga can suka buga har da Wilhelm ɗin. Da editoci suka yi shakka suka cire sunan suka ce babu madogara, sai aka dawo da shi, aka ce ai ga shi babbar jarida ta buga. Kin ga abin ya zagayo kenan, ƙarya ta fita daga gida ta je ta yi wanka ta dawo a matsayin baƙuwa mai daraja. Wannan fa a ƙasar da jaridu ke da ma'aikata na musamman masu tantance labari, to ina ga shafukan da yaro ɗaya ke zaune da waya yana kwafe-kwafe don ya samu masu dannawa.

Saboda haka abin da za ki yi da goman nan, ki ɗauki jimla ɗaya daga ɗayansu, ki sa ta cikin alamar zancen wani a Google ki nema. In kika ga jimlar ta fito iri ɗaya sak a dukkansu, har da kuskuren rubutu iri ɗaya, toh kin san uwa ɗaya ta haife su. Sai ki nemo wanda ya riga kowa, ki duba ranar da aka wallafa kowanne, wanda ba shi da rana ki sa adireshinsa a Wayback Machine na Internet Archive ki ga yaushe aka fara ɗaukar hotonsa. Sannan in mutumin yana da maƙala a Wikipedia ta Turanci ki buɗe tarihin gyare-gyarenta ki ga ranar da shekarar ta fara shiga da kuma wace madogara aka sa mata a lokacin. In shekarar ta riga shafukan nan shiga Wikipedia, kuma ta shiga ne tsirara babu madogara, toh duk goman ki watsar, ba su san komai ba, mu suka kwafa.

Yauwa, sai maganar CV. Na san ana cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, eh ta fi daɗi kam, amma mu ba daɗi muke nema ba. Ɗan siyasa yana da dalilin ƙara shekara kuma yana da dalilin rage ta, yana da dalilin ƙara digiri, yana da dalilin tsallake wasu shekaru na rayuwarsa kamar ba a yi su ba. Manyan cikinmu za su tuna 1999, da aka zaɓi Salisu Buhari kakakin majalisar wakilai ta Najeriya. Takardunsa sun ce an haife shi a 1963 kuma ya yi karatu a Jami'ar Toronto ta Kanada, sai mujallar The News ta tono cewa 1970 ne, kuma jami'ar ba ta san da zamansa ba. A lokacin tsarin mulki ya ce sai mai shekara 30 zai shiga majalisar wakilai, kin ga inda ƙarin shekarun ya yi amfani. Bai cika wata biyu a kujerar ba ya amsa laifi ya nemi gafara ya sauka. Toh da a ce ana rubuta maƙala a lokacin, kuma an dogara da takardun da ya miƙa, da duk an rubuta 1963 da Toronto, kuma da an ce ai daga hukuma aka samo.

Wannan ne ya sa nake cewa ko fom ɗin da ɗan takara ke cikewa ya ba hukumar zaɓe, wanda a Najeriya ake kira EC9 yanzu, da can CF001, abin da yake tabbatar miki shi ne mutumin ya yi rantsuwa a kan kaza. Hukumar karɓa take yi ta liƙa don jama'a su gani, mai ƙorafi ya tafi kotu. Yana da amfani sosai, ban ce ba shi da shi ba, amma yadda za ki rubuta shi ne, bisa takardun da ya miƙa wa hukumar zaɓe an haife shi a shekara kaza. Kin jingina maganar ga mai ita kenan, in gobe ta tashi ba ke ta faɗo wa ba.

Shi kuwa CV ɗin da aka turo miki ta waya, ko da gaskiya ne tsantsa ba ya shiga manazarta, saboda ba a wallafa shi ko'ina ba, mai karatu ba shi da hanyar zuwa ya duba da idonsa. Ko shi ogan ne da kansa ya kira ki ya faɗa miki, hukuncin ɗaya ne. Amfanin CV a wajena shi ne ya nuna min inda zan haƙa, ya ce ya yi kwamishina daga shekara kaza zuwa kaza, toh madalla, na san jaridun wace shekara zan bincika.

Kuma fa ba kullum ba ne saɓanin shekara ke nufin wani ya yi ƙarya, kada mu zalunci mutane. Da yawan shugabannin da aka haifa kafin rajistar haihuwa ta yaɗu su kansu ba su san ranar ba. Obasanjo ya sha faɗa a bainar jama'a cewa bai san ainihin ranar da aka haife shi ba, duk da takardunsa na ɗauke da 5 ga Maris 1937. Sardauna Ahmadu Bello yawancin littattafai 1910 suke cewa, amma za ki ga masu cewa 1909. Tafawa Balewa Disambar 1912 ake rubutawa a tsaya nan, babu rana. Tandja Mamadou na Nijar 1938 kawai ake sawa. Sannan duk inda kika ga 1 ga Janairu ki ɗan dakata, don a ƙasashe da yawa in mutum ya san shekara bai san rana ba, ma'aikacin da ke cike takarda 1 ga Janairu yake sa masa don kada gurbin ya zauna fayau. Ba na cewa babu wanda aka haifa ranar, ana haihuwa kullum, amma yawansu a takardu ya wuce hankali. Toh ba dole ba ne akwatin bayanan nan na gefen maƙala ya cika. In majiyoyi biyu masu ƙarfi sun saɓa, ki rubuta 1958 ko 1960 misali, kowacce da madogararta, ki yi bayani a shafin tattaunawa na maƙalar. In babu mai ƙarfi ko ɗaya ki bar wurin haka nan.

Bari in tsallaka zuwa abin da ba ki tambaya ba amma na san za ki ci karo da shi, wato muƙamai da shekarunsu. Nan ya fi sauƙi saboda akwai takardu, akwai gazet na gwamnati, akwai kundin zaman majalisa da ake kira Hansad, akwai sakamakon hukumar zaɓe, akwai hukuncin kotu, amma abin mamaki nan ne aka fi tafka kuskure, saboda mutane lissafi suke yi da ka. An ga ya ci zaɓe a 2015 sai kawai a rubuta ya yi majalisa daga 2015 zuwa 2019, ba a bincika ko ya kai ƙarshe ba, ko kotu ta cire shi a shekara ta biyu, ko ya shigo ne ta zaɓen cike gurbi, ko ya ajiye ya karɓi wani muƙamin. Cin zaɓe daban, rantsuwa daban. Atiku Abubakar ya ci zaɓen gwamnan Adamawa a farkon jamhuriya ta huɗu amma bai taɓa zama gwamna ba ko na yini ɗaya, ya tafi mataimakin shugaban ƙasa a 1999, Boni Haruna ne aka rantsar. A Zamfara a 2019 hukumar zaɓe ta bayyana ɗan takarar APC a matsayin wanda ya ci, ranar 24 ga Mayu kotun ƙoli ta rushe ƙuri'un jam'iyyar gaba ɗaya saboda matsalar zaɓen fidda gwani, ranar 29 Bello Matawalle na PDP aka rantsar. A Bayelsa ma David Lyon ana gobe rantsuwa, a Fabrairun 2020, kotun ƙoli ta cire shi. Toh in kika dogara da labarin da aka buga washegarin zaɓe kaɗai, za ki naɗa gwamnan da bai taɓa mulki ba. Ki riƙa neman labarin ranar shiga da kuma labarin ranar fita, biyun duka. Haka riƙon ƙwarya, Goodluck Jonathan ya zama muƙaddashin shugaban ƙasa a Fabrairun 2010 lokacin rashin lafiyar Umaru Musa 'Yar'aduwa, amma cikakken shugaba sai ranar 6 ga Mayu bayan rasuwar Umaru ranar 5, ranaku biyu ne daban kuma kowacce da wurinta.

Tunda na ambaci 'Yar'aduwa, toh ga matsalar suna, wadda ni kaina ta taɓa kayar da ni. Gidan nan kaɗai aƙalla mutum uku ne a tarihin siyasa, mahaifin Musa 'Yar'aduwa minista ne a jamhuriya ta farko, Shehu Musa 'Yar'aduwa janar ne, shi ne na biyu a gwamnatin soja daga 1976 zuwa 1979, ya rasu a kurkuku a 1997, sai Umaru ƙaninsa da ya yi gwamnan Katsina daga 1999 zuwa 2007 kafin ya zama shugaban ƙasa. Jarida ta ce 'Yar'aduwa ya ce kaza, sai kin duba shekarar kafin ki san wanne. Ko ki ɗauki Rimi. Abubakar Rimi gwamnan Kano ne daga 1979, da majalisar Kaduna ta tsige Balarabe Musa a Yunin 1981 sai mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau, kin ga an samu lokacin da gwamnoni biyu maƙwabta duk Rimi ake ce musu, duk kuma daga PRP suka fito. Waɗannan ma sanannu ne, ana gane su da wuri. Ni nawa kuskuren a kan ƙananan 'yan majalisa ne guda biyu masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, na haɗe su na mai da su mutum ɗaya, na ba shi makarantar wannan da mazaɓar wancan, sai da wani edita ya tambaye ni yaya aka yi mutum ya shiga majalisa yana ɗan shekara sha tara, wallahi kunya kamar in nutse. Tun daga ranar duk majiyar da na samu sai na ga abu biyu aƙalla sun dace bayan suna, mazaɓa da jam'iyya, ko mazaɓa da shekara. Kuma wajen nema ki gwada duk yadda ake rubuta sunan, Muhammad, Mohammed, Muhammadu, Mamman, in ɗan Nijar ne ki gwada rubutun Faransanci irin su Mahamadou da Ousmane, in ba haka ba rabin labaransa ba za su fito miki ba.

Wurin haihuwa ma a kula. Ana rubuta an haifi Muhammadu Buhari a jihar Katsina a 1942, alhali jihar Katsina sai 1987 aka ƙirƙiro ta, jihohi ma gaba ɗaya sai 1967 aka fara su. Daura, da ke jihar Katsina a yanzu, shi ke nan an gyara.

Toh sai babbar magana, mutumin naki yana raye. Dokar Wikipedia a kan tarihin rayayyu ta fi kowace tsauri kuma akwai dalili. A 2005 wani ya rubuta a maƙalar John Seigenthaler, tsohon ɗan jarida a Amurka wanda ya taɓa aiki da Robert Kennedy, cewa wai an taɓa zarginsa da hannu a kisan 'yan gidan Kennedy. Ƙarya ce zalla, ta zauna kusan wata huɗu ba wanda ya lura, har wasu shafuka suka kwafa, dattijon ya fito ya rubuta a jarida duniya ta ji. Bayan wannan ne aka ɗaure dokar, duk wata magana mai zafi a kan rayayye in ba ta da madogara mai ƙarfi cire ta ake yi nan take, ba a jiran tattaunawa. Saboda haka in kika zo kan zargi ki bambance matakan, an zarge shi, an gayyace shi, an gurfanar da shi, an same shi da laifi, an ɗaukaka ƙara, kowanne daban ne, kuma ki bi shari'ar har inda ta tsaya. Jaridu suna son ranar kamu, ranar da aka sallami mutum kuwa sai ki ga layi uku a can ciki, in ma an buga. In kika rubuta kamun kika bar sallamar kin yi masa ƙarya da gaskiya.

Mutuwa kuwa kada ki yi gaggawa ko kaɗan, babu lada a zama na farko. Ranar da aka rantsar da Obama a Janairun 2009 an shiga Wikipedia an rubuta cewa sanatoci biyu, Ted Kennedy da Robert Byrd, sun mutu, alhali duk suna raye. Azikiwe an sanar da mutuwarsa a kafafen labarai a 1989, mutumin bai rasu ba sai 1996. Sai iyali ko hukuma sun tabbatar, kuma kafofi masu editoci sun ɗauka, ba hoton rubutu da ake turawa guruf-guruf ba.

Wani zai ce toh duk wannan wahalar ai sai a tambayi manhajojin AI su kawo. Ku yi hankali, na gwada, za su ba ka shekara da sunan jarida da kwanan wata tsaf-tsaf, ka je nema ka tarar babu wannan labarin a duniya. Duk madogarar da ba ki buɗe kin karanta da idonki ba kada ki sa ta. Kuma madogara ba sai tana intanet ba, wannan mutane da yawa ba su sani ba. Tsohuwar jarida ta takarda hujja ce, Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 ta fara fitowa, New Nigerian a 1966, ana samun tsofaffin kwafi a manyan ɗakunan karatu da wuraren adana tarihi irin su Arewa House a Kaduna, abin da ake buƙata sunan jarida, ranar fitowa da lambar shafi. Sau da yawa ma jaridar da aka buga lokacin da mutum ya fara takara ta fi ta yau gaskiya a kan shekarunsa, don a lokacin bai zama wanda ake yi wa kwalliya ba.

Af, na kusa mantawa, kalmomin yabo. CV ɗin nan na tabbata cike yake da gwarzo, jajirtacce, mai kishin talakawa, uban marayu. Ko ɗaya kada ya biyo ki. Ki faɗi ƙudurin da ya kawo in akwai shaidarsa a kundin majalisa, ki faɗi kwamitin da ya riƙe, mai karatu ya yanke wa kansa.

Shi kuma yaron nasa ki amsa masa cikin mutunci, ki ce an gode, amma ƙa'ida ba ta yarda a yi amfani da takardar da ba a wallafa ba, in yana da tsofaffin jaridu ko hirar da aka yi da ogan a rediyo ko mujalla ya turo miki sunayensu da ranakunsu. In ya fara cewa a cire kaza a ƙara kaza, ko ya yi miki tayin wani abu, ki sanar a shafin tattaunawa kawai, don maƙalar ba ta ogan ba ce kuma ba taki ba ce. Yanzu dai ki turo min adireshin wurare ukun da shekarun suka fito, musamman guda biyun da ba su da rinjaye, ina zargin ɗayarsu daga hira aka samo ta, in haka ne ita za mu fara bi. Zan duba da safe in Allah ya kai mu.